Tallafin gwamnati da kuɗin kantafat ga ƙungiyoyin rabon kaya a Kaduna: tambayoyi da amsoshi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina riƙe da sakataren wata ƙungiya a nan Tudun Wada, mun raba taki, mun raba gero da sukari na azumi, mun raba gidan sauro, akwai lokacin da aka ba mu tallafi akwai kuma lokacin da muka dawo gida da fayil a hammata ba ko sisi. Toh tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 harkar rabon kaya ta yawaita, wayata ba ta hutawa, kowa da ƙungiyarsa kowa da tambayarsa, in ka duba kuma duk kusan abu ɗaya ake tambaya. Shi ne na ce bari in tara su wuri guda yadda aka yi min su. Inda kuka ga na ja magana da tsawo, nan ne mutane suka fi faɗuwa.

Malam Sakatare, wai mene ne kantafat ɗin nan da ake ta faɗa mana a ofis?

Kason ku ne kawai. Wasu na ce masa kuɗin haɗin gwiwa. Mai ba da tallafi ya ce zai kawo kaza, da sharaɗin ku ma ku kawo kaza, a haɗa a yi aikin. In naku bai sauka ba nasa ma ba zai motsa ba.

Kuma kar ku ɗauka mu ƙananan ƙungiyoyi kaɗai ake yi wa haka, ita kanta gwamnatin jiha ana yi mata. Dokar UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya, ta 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, amma jiha ba ta taɓa kuɗin sai ta ajiye rabin kuɗin aikin daga aljihunta, shi ya sa za ku riƙa ji a rediyo wai biliyoyin naira na kwance a Abuja wasu jihohi sun kasa ɗauka. Kuɗinsu ne fa, amma ba su kawo nasu kason ba. In an yi wa gwamna haka wane ni wane kai.

Wace irin ƙungiya ake ba?

Kowane shiri da sharuɗɗansa, kuma a cikin sanarwar shirin ake rubuta su, saboda haka ku nemi ainihin takardar ku karanta da kanku ko ku ba wani yaro mai boko ya karanta muku layi bayan layi, kar ku dogara da saƙon murya da aka turo ta WhatsApp. Amma akwai abubuwan da kusan ko'ina sai an tambaya: rajista, asusun banki da sunan ƙungiya, adireshin da za a zo a same ku, shugabanni sanannu, da shaidar kun taɓa yin aikin. Na ƙarshen nan shi ne ke tankaɗe mutane. Ƙungiyar da aka kafa ranar Litinin saboda an ji za a raba taki ranar Juma'a, ma'aikacin da ke duba fayil ya ga irinta ɗari, daga kwanan watan satifiket zai gane ku.

Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, za mu yi ko ta ƙungiyar gama-kai?

Ya danganta da me kuke yi. In ku manoma ne ko 'yan kasuwa ko mata masu sarrafa citta a Kachia ko masu tumatir a Ikara, kuna son ku karɓi kaya ku raba a tsakaninku, gama-kai ta fi dacewa da ku, a matakin jiha ake yin ta, mutum 10 sun isa a fara, kuma ba ta da tsada sosai. Shirye-shiryen noma ma sun fi son irin wannan tsarin.

In kuwa ku masu taimakon al'umma ne, marayu, zawarawa, 'yan gudun hijira da suka baro ƙauyukan Birnin Gwari ko Giwa, wato kuna karɓa ne ku ba wasu ba kanku ba, toh rajistar amintattu ta CAC ita ce taku, a ƙarƙashin dokar kamfanoni wato CAMA ta 2020. Wannan tana cin lokaci saboda sai an buga sunayen amintattun a jarida an jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Ga kuma abin da kowa ke mantawa, bayan an ba ku satifiket ba shi ke nan ba, duk shekara sai kun kai wa CAC rahoton shekara. Mu da kanmu mun taɓa yin shekara uku ba mu kai ba, ranar da aka duba mu a kwamfuta aka ga an rubuta ba ma aiki, alhali a satin muna tsaka da rabon gero. Sai da muka biya tara kafin aka gyara, lokacin kuwa an rufe karɓar fom.

Waɗanne takardu za mu tanada?

Satifiket na rajista, tsarin mulkin ƙungiya, lambar haraji wato TIN, wani lokaci har da takardar shaidar biyan haraji ta KADIRS wato hukumar harajin jihar Kaduna, sitetimen na banki na wata 6 ko 12, NIN da BVN na masu sa hannu, littafin rubuta bayanan taro, da wasiƙar shaida daga ƙaramar hukuma ko hakimi. Masu rajistar amintattu ku nemi satifiket na SCUML, ofishin sa ido kan halatta kuɗin haram ne a ƙarƙashin EFCC, bankuna na tambayarsa kafin su buɗe wa ƙungiya asusu, kuma rajistarsa kyauta ce, duk wanda ya karɓi kuɗinku kuɗin cike muku fom ya karɓa.

Abu ɗaya da zan roƙe ku, sunan ya zo ɗaya a ko'ina. In satifiket ya ce Ƙungiyar Mata Manoma kaza, asusun banki ya ce wani abu daban ko an tsallake kalma ɗaya, fayil zai tsaya. Haka sunan shugaba, Muhammad a NIN, Mohammed a BVN, Mamman a fom. Mu mun san mutum ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba.

Yaya ake lissafin kason? Mu an ce mana kashi 30.

Yauwa, nan ne wurin. Kafin ku taɓa kalkuleta ku tambaya: kashi 30 na me? Na jimillar aikin ne ko na kuɗin da za a ba mu? Ba ɗaya ba ne, kuma na ga an yi rigima har da zage-zage a taron ƙungiya saboda wannan.

Ga misali. A ce tallafin naira miliyan 7 ne kuma an ce ku kawo kashi 30 na jimillar aiki. Jimillar miliyan 10 ke nan, su 7 ku 3. Amma ma'ajinku ya zauna ya buga kashi 30 na miliyan 7 ya samu miliyan 2 da dubu 100, ya sanar a taro, kowa ya kawo nasa an yi tafi, an je ofis aka ce saura dubu 900. Yanzu ka koma ka ce wa matan da suka sayar da awaki su ƙaro, ai sai su ce ka ci ne. In kuma an ce naira da naira, ma'ana duk nairar da aka ba ku ku ma ku kawo naira, rabi da rabi ke nan.

Kason kuma yana canzawa da irin kayan. Waɗanda suka yi shirin noma na Fadama III za su tuna, injin ban ruwa ko injin niƙa ƙungiya na biyan kashi 30 shiri ya biya 70, taki da iri kuwa rabi da rabi ne. A shirin raya al'umma na CSDP na Bankin Duniya da aka yi a baya, al'umma kashi 10 take kawowa in za a yi mata rijiyar burtsatse ko aji. A tsarin tallafin taki na GES da aka fara a 2012 lokacin Akinwumi Adesina na ministan noma, manomi na samun saƙo a waya ya je wurin dilan taki ya biya rabin kuɗin buhu biyu, tarayya da jiha su raba sauran rabin a tsakaninsu. Kun ga babu wani lamba ɗaya da za a ce shi ne doka.

Tsakani da Allah Malam, in da muna da kuɗin ai ba za mu nemi tallafi ba. Wannan ba zalunci ba ne?

Na fahimce ki Hajiya, kuma akwai gaskiya a maganarki. Tsarin yana fifita ƙungiyar da take da mai kuɗi a bayanta, ƙungiyar ƙauye da ta fi kowa buƙata ita ce ta fi shan wahalar tara kason, wannan ba na musu. Shi ya sa wasu shirye-shiryen ke rage kason ko su ɗauke shi gaba ɗaya ga mata da matasa da masu buƙata ta musamman, kuma in rabon agajin gaggawa ne kamar bayan ambaliya ko gobara ba a cika neman kuɗi ba, sai dai a nemi ƙarfinku da wurinku.

Amma bari in faɗi ɗaya gefen, don na gani. Injin da aka kawo kyauta, ranar da bel ɗinsa ya tsinke ranar ya mutu, kowa na cewa na gwamnati ne, kaji su riƙa ƙwai a ƙarƙashinsa. Injin da mata ashirin suka zuba adashensu a ciki kuwa, wlh in yaro ya jingina da shi sai an kore shi. Ni dai ra'ayina kason ya zauna, amma a bar mutane su biya da abin da suke da shi, ba sai tsabar kuɗi ba.

Toh za a karɓi wani abu ba kuɗi ba?

A shirye-shirye da yawa ana karɓa, amma sai takardar shirin ta ce haka. Sito da kuka bayar, motar ɗan ƙungiya da ta yi jigila, yashi da dutse, ranakun da matasanku suka yi suna sauke buhuna da tsare layi, duk ana iya yi musu kuɗi a sa a kason ku. Matsalar ita ce mu Hausawa muna yin aikin amma ba ma rubutawa. Alhaji ya ba da shagonsa wata uku fisabilillahi, in ka ce ya sa hannu a takarda sai ya ce haba, don Allah na yi. Ka lallaɓa shi, ka ce Alhaji ladanka na nan ba abin da zai taɓa shi, takardar ta odita ce. A rubuta girman shagon, nawa ake hayar irinsa a layin, daga yaushe zuwa yaushe. Matasa kuma a buɗe musu littafi, suna, rana, awa nawa, sa hannu ko dangwale.

Kuma ku sa farashin gaskiya. Shagon da ake haya dubu 150 a shekara a Rigasa kar ku rubuta dubu 600, mai duba fayil ɗin ma wataƙila a Rigasa yake kwana.

Wani ya ba mu shawara mu ari kuɗi mu zuba a asusu, a buga sitetimen, mu mayar wa mai shi. Ya kake gani?

Kar ku yi. Na san ana yi, na kuma san wanda aka yi a gabana. Wata ƙungiya ce ta abokanmu, ba zan faɗi unguwar ba, wani ɗan kasuwa ya ba su miliyan 2 na kwana uku da alkawarin za a ba shi ɗan goro. Ranar tantancewa ina zaune a benci ɗaya da shugabansu. Ma'aikaciyar ta ɗauki sitetimen ta sa biro tana bin layi, wata biyar asusun bai wuce dubu 40 ba, kuɗin wata-wata na shiga dubu biyu dubu uku, kwatsam ranar Talata miliyan 2 daga mutum ɗaya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce Baba wane ne wannan, ya ce mai taimaka mana ne, ta ce toh madalla, a kawo wasiƙarsa cewa kyauta ya bayar, sannan a sake bugo min sitetimen na yau. Shugaban ya cire hula ya share zufa ya mayar, don ya san tun ranar Juma'a kuɗin suka koma wurin mai su a Kasuwar Bacci. Ba a kama kowa ba, amma fayil ɗin bai sake fitowa ba.

Ko da kun tsallake wannan matakin ma, wasu shirye-shiryen asusu na musamman ake buɗewa ku zuba kason ku a ciki ya zauna, daga nan ake biyan mai kawo kaya. Kuma a ce ma ba a gano ba, aikin miliyan 10 ne a takarda ku kuma 7 ce a hannunku, buhunan miliyan 3 ɗin da babu su daga ina za su fito ranar ƙirga?

In wata ƙungiyar waje ta ba mu tallafi, za mu iya nuna shi a matsayin kason mu?

Wani lokaci e, in su masu kuɗin sun yarda a rubuce kuma shirin bai hana ba. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne kuɗin gwamnati ya zama kason kuɗin gwamnati, ko ku nuna naira ɗaya a wuri biyu, ku ce wa wannan ita ce kasonmu ku ce wa wancan ma ita ce.

Ta ina za mu tara kason?

Kuɗin wata na 'yan ƙungiya shi ne ya fi kyau a ido, don yana nuna ƙungiyar na da rai. Sai adashe, gidauniya, gudummawar 'yan unguwa da ke aiki a Abuja ko Legas, ribar gonar ƙungiya in akwai. Duk abin da aka tara a kai banki a ranar ko washegari, a yanka wa kowa rasit. Kar ma'aji ya ajiye a gida ko ya zuba a asusunsa na kansa ko na mai POS ɗin bakin layi wai kafin Litinin. Ku sani kuma dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani ko ƙungiya mai rajista kuma miliyan 10.

Akwai masu tambaya ko za a sa zakka. Zakka tana da mutanenta takwas da aka lissafa a Suratut Tauba aya ta 60, ba kuɗin da sakatare zai juya yadda ya ga dama ba ne, ku kai wa malaminku maganar kafin ku taɓa. Sadaka da gudummawa ba su da wannan takurar matuƙar mai bayarwa ya san inda za a sa.

Kuma ku fara da wuri dan Allah, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke son takin damina tun bayan girbi yake fara tari, lokacin da masara ke hannun mutane, ba a watan Mayu da kowa ke neman kuɗin huɗa ba.

Wa ke rubuta sunayen waɗanda za a ba, mu ko gwamnati?

Duka biyun na faruwa. Akwai rajistar marasa galihu ta ƙasa wadda kowace jiha ke da ofishin da ke tattara ta, in shirin da ita yake aiki sunaye za a miƙo muku ku raba kawai, ba ku da ikon ƙara ko ɗan autanku. In ku za ku kawo, toh za a so a ga yadda kuka zaɓa: wane ma'auni, wa ya zauna a taron, mai unguwa ya sa hannu, mata nawa, masu buƙata ta musamman nawa. Jihar nan ƙananan hukumomi 23 ne da mazaɓu 255, kuma yawanci da mazaɓa ake kasafta kaya, saboda haka ku rubuta mazaɓar kowa a gaban sunansa tun farko ku huta.

Kaduna kuma kun san Kaduna. In unguwarku a cakuɗe take, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bagwari da Bajju da Bayarabe, jerin sunayenku ya nuna haka. In kuna Kakuri ko Kawo kuka kawo sunaye ɗari biyu duk daga masallaci ɗaya ko coci ɗaya, za a lura.

Sannan NIN da lambobin wayar mutane amana ce, akwai ma dokar kare bayanai ta 2023. Kar a ɗauki hoton jerin a watsa a guruf, 'yan damfara da irinsa suke kiran tsofaffi su ce an turo musu tallafi su faɗo lambar katinsu.

Dole sai muna da sito?

In kaya za su kwana a hannunku, e. Za a zo a duba ko rufin na yoyo, ko akwai katako a ƙasa da za a jera buhu a kai, ƙofa da makulli, mai gadi. Taki da abinci ba sa kwana ɗaki ɗaya, haka maganin feshi. Shawarata makulli biyu, ɗaya wurin shugaba ɗaya wurin wani da ba ɗan gidansa ba.

Kuma kaya kar su daɗe. Duk mun ga abin da ya faru a watan Oktoban 2020 da aka fasa rumbunan kayan tallafin korona a jihohi da dama har da nan Kaduna. Tun daga lokacin, mutane in suka ga tirela ta sauke kaya aka kwana biyar ba a raba ba, zance ya fara yawo ke nan wai an ɓoye. Mu yanzu ranar da kaya suka sauka ranar muke liƙa takarda a ƙofar sito, buhu kaza aka kawo, rana kaza za a raba.

Wajen saukewa ku ƙirga da kanku kafin ku sa hannu a takardar direba, ku ɗora wasu buhunan a sikeli. Mun taɓa karɓar shinkafa an rubuta kilo 50 a jiki, muka ɗora goma a jere ba wanda ya kai 47, ga alamar an farke ɗinkin an sake da zare wani kala. Da mun sa hannu a makance, gibin a wuyanmu zai zauna. Muka rubuta a bayan takardar, direba ya yi ta faɗa yana cewa shi ɗan aike ne, daga ƙarshe ya dangwala.

Ana duba yadda za mu gudanar da ranar rabon?

Yanzu kam sosai. Bayan turmutsitsin watan Disambar 2024 a Ibadan da Abuja da Okija ta jihar Anambra inda mutane da dama suka rasu wajen karɓar abinci, ba wanda ke son jin an ce kowa ya zo fili da safe. Ku rubuta tsarinku a cikin takardar neman: kati za a raba tun kwana biyu kafin ranar, kowane kati da lokacinsa, layin mata daban, tsofaffi da masu ciki a fara da su ko a kai musu gida, ƙofar shiga daban ta fita daban, a sanar da 'yan sanda da 'yan sintirin unguwa. Mu filin firamare muke amfani da shi ranar Asabar, mutum hamsin hamsin, mai kati ya miƙa, a duba suna, ya dangwala, yaro ya ɗora masa a ka ya fita ta baya. Tawadar dangwale ku sayi biyu, ɗaya kullum sai ta bushe kafin azahar.

Za mu iya cire kuɗin mota da lebura da ɗan abin shan ruwan kwamiti daga tallafin?

Abin da ke cikin kasafin da aka amince kawai. In ba ku sa jigila da sauke kaya a kasafi ba tun farko, daga aljihunku za su fito, kuma nan ne ake fara sayar da buhu biyu a biya direba, daga buhu biyu kuma an buɗe ƙofa. Ku sa su a rubuce, ko ku ce su ne kason ku. Alawus na kwamiti ba a cika yarda da shi ba.

An ce an amince mana tun watanni, shiru. Mun ci kuɗinmu ke nan?

Amincewa daban, sakin kuɗi daban. Shekarar kasafin gwamnati daga Janairu zuwa Disamba take, abu na iya kasancewa a kasafi amma kuɗin bai samu ba tukuna, kuma tun 2015 Kaduna ke kan tsarin asusun bai-ɗaya wato TSA, ma'aikata ba ta da wani kuɗi a durowa da darakta zai ɗebo ya ba ku, sai takarda ta bi layinta. Wasu shirye-shiryen ma tsarinsu sai an yi aiki ake biya. Shirin farfaɗowa daga korona na NG-CARES da Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 750 a ƙarshen 2020 haka yake, jiha ta kashe nata, masu tantancewa masu zaman kansu su zo su gani, sannan a mayar mata. Ku ma ana iya ba ku kashi-kashi, sai kun yi bayanin na farko a saki na biyu.

Ku riƙa bibiya da wasiƙa, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Zuwa da kai ya fi aike. Kason ku kuma ku bar shi inda yake kar ku taɓa, in shirin ya rushe ku nema a rubuce a sake muku asusun.

Ku tabbatar kuma tun farko kyauta ce ko bashi. Naira biliyan 5 da tarayya ta sanar wa kowace jiha a watan Agustan 2023, kashi 52 ne kyauta, 48 bashi ne da za a biya. Kalmar tallafi tana ɗaukar duka biyun a bakin mutane.

Wani ya ce yana da hanya, mu ba shi kashi 10 ya fito mana da shi. Ko shi ne kantafat ɗin?

A'a. Kantafat asusunku yake shiga ko asusun shirin da aka rubuta a takardar yarjejeniya, da rasit, kuma a kan aikinku ake kashe shi. Duk kuɗin da za a tura asusun mutum, ko a miƙa a ambulan a bayan mota a wajen sakatariya, sunansa daban. In ɗan damfara ne kun yi asara, in kuma da gaske ma'aikaci ne kun shiga laifi tare da shi, kuma gibin kashi goman ku za ku yi ƙaryar cike shi a rahoto. Haka masu sayar da fom a bakin titi da shafukan Facebook masu hoton gwamna suna cewa a biya dubu biyar na rajista, ku taka ku je ma'aikatar da aka ambata ku tambaya.

Mene ne ritaya kuma? An ce sai mun yi ritaya.

Ba aiki za ku bari ba Baba, kwantar da hankalinka. Bayanin yadda aka kashe kuɗi suke nufi. Rasit na duk abin da aka saya mai sunan shago da kwanan wata, takardun farashi daga 'yan kasuwa uku in sayayyar babba ce, takardar sauke kaya, jerin masu karɓa da dangwalensu, hotuna, sitetimen. Har kason ku sai kun yi masa bayani, ba na gwamnati kaɗai ba, wannan mutane da yawa ba su sani ba. Rasit ɗin POS da na kanti masu gogewa ku yi musu hoto a ranar, bayan wata biyu farar takarda za ku tarar. Ku ajiye kwafin komai a wuri biyu, odita na iya zuwa bayan shekara biyu lokacin an canza shugabanni tsohon sakatare ya koma Zariya da fayil a but ɗin motarsa.

In kaya suka rage ko wasu suka lalace fa?

Ku rubuta ku sanar, kar ku yanke hukunci ku kaɗai. In mutum goma sha biyu ba su zo ba, a bi su gida, wanda ya rasu ko ya tashi a rubuta, a nemi izinin maye gurbinsa daga jerin masu jira, shi ya sa yake da kyau ku tanadi wannan jerin tun farko da sa hannun mai unguwa. Buhun da ruwa ya taɓa ko ƙwari suka ci a ɗauki hotonsa a ware shi gefe har jami'in shirin ya zo ya gani, kar a raba wa mutane kuma kar a zubar kafin ya zo. Buhunan da aka zazzage ma wani lokaci ana ƙirga su, saboda haka ku hana yara kwashewa sai an gama, ku ɗaure su hamsin hamsin ku jefa a lungun sito.